Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Wata Bakwai Ina Jiran Na'urar Sharar da Na Gani a Takarda

A daren wata Laraba cikin Nuwamban 2023, tsohuwar na'urar shararmu ta fara warin ƙonanniyar roba. Ina tsakiyar tura ta a kan kafet ɗin falo sai ƙararta ta sauya, ta koma kamar ta babur ɗin da ya ɗauko buhu uku ya tarar da tudu. Na zare waya daga bango, na kifar da ita, na ga bel ɗin da ke juya buroshi ya tsinke, gashi kuma ya nannaɗe sandar buroshin har ba a ganin bakinsa. A ɗakin sama 'yarmu ta biyu, mai shekara shida, tana irin tarin nan da muka riga muka san ma'anarsa.

Shekara huɗu ke nan muna zaune a Leeds, a arewacin Ingila, cikin gidan haya irin na nan: ɗan ƙarami, mai hawa biyu, an shimfiɗe shi da kafet tun daga bakin ƙofa har matattakala da ɗakunan kwana. Yarinyar tana da asma. Likita ya gaya mana cewa sanyi da mura su ne manyan masu tayar mata da ciwon, amma ƙurar da ke kwance cikin kafet, da ƙananan halittun da ke rayuwa a cikinta waɗanda ido ba ya gani, su ma suna da nasu rabon. Mun roƙi mai gidan ya bari mu cire kafet ɗin, ya ƙi. Abin da ya rage mana shi ne shara sau uku a mako, da na'ura mai filta ta ƙwarai.

Washegari na sayo sabon bel na sa, na'urar ta ci gaba da lallaɓawa. Uwargida ta ce lokacin sabuwa ya yi, kuma kuɗin suna nan, mun daɗe muna tara su. Na amince. Sai dai a makon ne wani abokin aikina da ya san halina ya turo mini wani zane: na'urar shara ta tsaye, baƙi da fari, kowane sashe da lambarsa. Ya ce kamfanin da ya ƙera tamu ne ya shigar da takardar, kuma bisa dukkan alamu sabuwar ƙira tana tafe. Ni injiniya ne, aikina tsara famfunan ruwa na masana'antu, karanta irin waɗannan takardu kuwa yana cikin hanyar cin abincina. Na dubi zanen na ce wa uwargida, mu ɗan jira.

Wannan ɗan jira ya ci wata bakwai. Wasiƙar wannan makon bayani ce kan abin da na karanta a tsawon lokacin, da abin da na fahimta daidai, da wurin da na yaudari kaina.

Cinikin da ke cikin takardar

Takardar mallakar ƙirƙira, wadda masu harkar ke kira fatent, ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana sirrin abin da ya ƙago dalla-dalla, yadda duk wani masanin fannin zai iya karantawa ya ƙera irinsa. Ita kuma za ta ba shi ikon hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba, na wani ƙayyadadden lokaci. Idan wa'adin ya cika, ilimin ya zama na kowa da kowa. Birnin Venice, a Italiya ta yau, ya kafa irin wannan doka a 1474, Ingila ta yi tata a 1624, Amurka kuma a 1790. A zamaninmu wa'adin a kusan duk duniya shekara 20 ne, daga ranar da aka shigar da buƙata.

Abin da ya fi shafar mai hasashe shi ne wata ƙa'ida ta biyu. A yawancin ƙasashe ana riƙe buƙatar a asirce wata 18, sannan a wallafa ta kowa ya gani, ko an amince da ita ko ba a kai ga amincewa ba. Wannan yana haifar da abu biyu. Na farko, zanen da ka gani yau ka ɗauka sabon labari ne, aƙalla shekara ɗaya da rabi ke nan da rubuta shi, tunanin da ya haife shi kuma ya fi haka tsufa. Mai yiwuwa injiniyoyin sun daɗe da barin wannan hanya. Na biyu, wallafawa daban, amincewa daban. Jami'in bincike na iya ƙin buƙatar gaba ɗaya, ko ya yi ta datse ta har ta koma ƙaramin abu.

Takardar tana da sassa uku: zane, bayani, da jerin da'awa. Zane da bayani kamar mai gona ne ya zaga da kai, yana nuna maka tudu da fadama da hanyar shanu har da gonar maƙwabci. Da'awa ita ce iyaka, inda aka dasa gamba da cini-da-zugu, kuma ita alƙali ke dubawa ranar da rigima ta tashi. Lauyoyin da ke rubuta bayanin suna faɗaɗa shi da gangan, su ce sashen nan yana iya zama na ƙarfe ko na roba, yana iya zama a sama ko a ƙasa, domin kada wani ya kauce musu da ɗan canji. Saboda haka za ka ga an zana na'ura sukutum da guda, alhali abin da ake da'awa a kai bai wuce wani ɗan maƙalli a gefenta ba. Sauran jikin an zana shi ne kawai don a samu wurin maƙala shi.

Akwai kuma wata rajistar dabam, ta siffa, wadda ke kare kamannin abu ba yadda yake aiki ba. A Amurka wa'adinta shekara 15 ne daga ranar amincewa, kuma ba a wallafa ta sai an amince. A zanenta, layin da aka ja a haɗe shi ne ake da'awa a kai, wanda aka ja a tsittsinke kuwa ba ya ciki. Duk waɗannan takardu ana karanta su kyauta a rumbun Espacenet na ofishin rajistar ƙirƙira na Turai, ko a Google Patents. Zuwa da kai ya fi saƙo, don haka na bar jita-jita na je na karanta da kaina.

Matsalolin da na'urar tsaye ke fama da su tun 1908

Kafin mutum ya yi hasashen sabuwar ƙira, ya kamata ya san abin da tsohuwar ke fama da shi. A 1901 wani injiniya ɗan Ingila, Hubert Cecil Booth, ya yi rajistar na'urar da ke zuƙe ƙura maimakon hura ta. Girmanta ya kai sai doki ke jan ta. Akan tsayar da ita a bakin titi a Landan, a zura dogayen tiyo ta taga. Na'urar tsaye irin ta gidajen yau kuwa daga Amurka ta fito, kuma asma ce ta haife ta. James Murray Spangler mai shara ne a wani kanti a garin Canton na jihar Ohio, ƙura tana tayar masa da ciwo. Ya haɗa ƙaramin injin lantarki da fanka da akwati da sandar tsintsiya, ya ɗaura rigar matashin kai a baya ta riƙa tara ƙurar. Ya samu takardarsa ranar 2 ga Yunin 1908, sannan ya sayar da haƙƙin ga William Hoover, mai sana'ar kayan fata, wanda yake auren 'yar'uwarsa. Sunan Hoover ya bi na'urar, har yau da shi mutanen Ingila ke kiran kowace irinta, ko wane ne ya ƙera ta.

Fifikon na'urar tsaye a kan wadda ake jan tulunta a baya shi ne, nauyinta yana zaune a kan buroshi, yana danna shi cikin kafet. Buroshin yana juyawa yana karkaɗe zaren, ƙurar da ta nutse ta taso, iska ta kwashe ta. A 1926 kamfanin Hoover ya ƙara sandunan ƙarfe a jikin buroshin don su riƙa bugun kafet, kamar yadda ake rataye darduma a bugi bayanta da sanda. Amma nauyin nan da ke yi mata amfani a falo, shi ke zama azaba a matattakala. Tamu na ɗora ta a sikeli, ta kusa kilo takwas.

Sai batun iska, wanda a nan ne sana'ata ta yi mini rana. Mutane suna auna na'ura da yadda take kama tafin hannu idan an toshe bakin tiyo. A daidai lokacin da ka toshe shi, zuƙa ta kai ƙarshenta, amma iska ba ta tafiya ko kaɗan, ƙura kuwa iska mai tafiya ce ke ɗaukar ta. Ana bukatar biyun tare, yawan iska da ƙarfin zuƙa, kuma mai ƙira yakan sayar da ɗaya ya sayi ɗaya. A tsohon tsari ƙurar tana bi ta cikin fanka, a hura ta cikin jaka. Hanyar gajera ce, iskar tana da yawa, aikinta a kafet ba a magana, sai dai idan ta haɗiyi ƙusa ko sulalla fankar ce za ta sha dukan. Kamfanin Kirby na birnin Cleveland har yanzu a wannan tsari yake. A sabon tsari iskar tana fara bi ta jaka ko filta kafin ta isa fanka. Fankar ta tsira, tiyo ya samu ƙarfi, amma hanyar ta yi tsawo, kowace kwana kuma tana cin nata rabon na iska.

James Dyson ya shigo ta ƙofar jaka. Ya lura cewa ƙura tana toshe ƙofofin jakar tun kafin ta cika, zuƙa ta ragu. Ya ɗauko dabarar da ya gani a masana'antar yankan katako, inda ake juya iska cikin mazurari kamar guguwa, nauyin ƙurar ya wurga ta jikin bango ta zube ƙasa. Ya ce sai da ya ƙera samfuri 5,127 kafin ya dace. Na'urar ta shiga kasuwa a Japan, sannan DC01 ta fito a Birtaniya a 1993. A 2005 ya fito da DC15, wadda ke tafiya a kan ƙwallo maimakon tayoyi biyu, injin yana cikin ƙwallon, ana juya ta da murɗa hannu kawai.

Hukuma ma ta sa baki. Tarayyar Turai ta hana sayar da na'urar da ta wuce wat 1,600 daga Satumban 2014, ta sauko da iyakar zuwa wat 900 daga Satumban 2017. Hanyar ƙara girman inji ta toshe ke nan, dole a nemi ƙarfi ta gyaran hanyar iska. A 2018 kuma Dyson ya ce kamfaninsa ya daina ƙago sababbin na'urori masu waya, ya koma kan masu batir. Duk wanda zai sake fasalin na'urar tsaye a yau, to waɗannan ƙulle-ƙulle ne a gabansa: nauyi, da hanyar iska, da ƙurar da ke komawa cikin ɗaki, da gashin da ke naɗe buroshi, da waya.

Abin da na gani, da abin da na ƙara da kaina

Takardu uku na samu da sunan kamfanin. Ta farko ta nuna batir a can ƙasa, bayan kan buroshi, ana zaro shi kamar aljihun tebur. Hikimar a fili take ga injiniya: idan nauyi ya sauka ƙasa, hannu ya huta, buroshi kuma ya ƙara nutsewa. Ta biyu ta nuna wasu haƙora kamar na mashaci, an jera su a bayan buroshi suna tsefe gashi yayin da yake juyawa, su tura shi bakin zuƙa. Ta uku ta nuna gangar ƙura da inji suna cirewa tare daga jikin sanda, a ɗauke su a hannu a hau matattakala.

A cikin kaina na haɗa ukun suka zama na'ura ɗaya. Na ba ta nauyin kilo biyar, na cire mata waya, na ga kaina ina hawa bene da ita ina fito. Na ma yi lissafin ranar fitowarta: wata 18 sun riga sun wuce, ƙera mazubin roba yakan ɗauki wasu watanni, kamfanoni kuma suna son fitar da kaya kafin kasuwar ƙarshen shekara ko farkon bazara. Na gaya wa uwargida da ƙarfin gwiwa cewa kafin Afrilu za mu gan ta a kanti.

Sai daga baya, da na sake karantawa da idon da nake karanta takardun abokan gogayyarmu a wurin aiki, na ga abin da son rai ya rufe mini. Jikin na'urar da aka zana a takardun uku ba iri ɗaya ba ne. Sunayen injiniyoyin da ke kai sun bambanta, alamar ƙungiyoyi dabam-dabam ne kowace da aikinta. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe akwai fiye da shekara guda. Da'awa ta ɗaya a takardar batir kuwa, wadda ita ce uwar sauran, ba ta ce komai kan na'ura marar waya ba. Magana take kan yadda maƙallin batirin ke kullewa.

Da na yi lissafin da ya kamata in fara da shi, da na sassauta tun da wuri. A ce batir yana riƙe da wat-awa 90, wanda ba ƙaramin batir ba ne a wannan fanni. Injin da ke cin wat 900 zai shanye shi cikin minti shida. Na'urori masu batir suna kaiwa rabin awa ko fiye ne domin mafi yawan lokaci ƙarfin da suke aiki da shi bai kai rabin haka ba. Wanda yake son ƙarfin mai waya ba tare da waya ba, sai ya ƙara batir, ya dawo da nauyin da ya gudar wa. Zane ba ya nuna wannan ciniki, domin takarda ba ta da nauyi.

Babban abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ko ɗaya cikin ukun ba ta taɓo abin da ya kai ni neman sabuwar na'ura ba. Filtar da ake kira HEPA, a ma'aunin Amurka, tana tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da girmanta ya kai maikiron 0.3, wato ƙasa da kaurin gashin kai sau ɗari da wani abu. Amma amfaninta yana tsayawa ne idan jikin na'urar a toshe yake ruf, yadda duk iskar da ta shiga sai ta bi ta filtar kafin ta fito. Idan akwai 'yar kafa a mahaɗa, iska za ta bi ta nan, ta mayar da ƙura mafi laushi cikin ɗaki. Wannan aikin roba ne da kyawun haɗi a masana'anta, ba abin da ake yi wa rajista a yi alfahari da shi ba. Fatent ba ya faɗin farashi, ba ya faɗin ƙara, ba ya faɗin ko abu zai yi shekara goma, ba ya faɗin ranar fitowa.

Me ya sa kamfani ke rajistar abin da ba zai ƙera ba

Dalilan suna da yawa, kuma duk na hankali ne. Kamfani yakan yi rajistar hanyoyi biyar na warware matsala ɗaya, ya yi amfani da guda, sauran huɗun su zama shinge don kada abokin gogayya ya bi ta nan. Yakan tara takardu don ranar ciniki ko ranar shari'a. Ranar kuwa tana zuwa: a shekarar 2000 babbar kotun Ingila ta yanke hukunci cewa na'urar Triple Vortex ta Hoover ta shiga gonar Dyson, daga baya aka sasanta kan fam miliyan 4. Kuɗin rajista kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin kafa layin ƙira, saboda haka ana shuka takardu da yawa, kaɗan ke kaiwa girbi.

Misalai biyu daga kamfani ɗaya sun isa su nuna fuskokin lamarin. A Mayun 2019 aka wallafa takardun motar lantarki ta Dyson, da zanenta mai dogon jiki da manyan tayoyi, jaridu suka yi ta sharhi. A Oktoban shekarar aka soke aikin baki ɗaya, daga baya Dyson ya ce ya kashe fam miliyan 500 na aljihunsa. Motar tana aiki, lissafin kasuwa ne bai fita ba. A ɗaya ɓangaren, a farkon 2020 aka ga takardar wani abin sauraron kiɗa na kunne da ke tace iska ya hura ta hanci da baki. Mutane da yawa suka yi dariya. A Maris na 2022 kamfanin ya sanar da shi da sunan Zone, ya kuma shiga kasuwa. Abin da ya yi kama da gaskiya ya mutu, wanda ya yi kama da wasa ya kai kasuwa.

Duk da haka hasashe ba caca ba ne tsantsa. Akwai alamun da ke nuna kamfani ya ɗauki abu da muhimmanci, kuma dukkansu na kuɗi ne. Idan ya kai buƙata ɗaya ƙasashe da yawa, ya biya lauyoyi da masu fassara a kowace, to yana da niyya a kanta. Idan yana ci gaba da biyan kuɗin sabuntawa, wanda a Amurka ake biya bayan shekara uku da rabi, da bakwai da rabi, da sha ɗaya da rabi, to bai yar da ita ba. Idan jiki iri ɗaya ya bayyana a takardu daban-daban, da ramukan kusoshi da haƙarƙarin roba irin na abin da aka riga aka zuba a mazubi, to akwai samfuri na gaske a wani ɗaki. Mafi ƙarfin alama ita ce rajistar siffa, domin ba a kashe kuɗin kare kamannin abin da ba za a nuna wa mai saye ba. A takarduna uku, ta mashacin gashi ce kaɗai aka kai ƙasashe da yawa. Rajistar siffa kuwa ban ga ko ɗaya ba, kuma na san ban gani ba, na ci gaba da jira.

Waya da Hajiya

Wata Lahadi cikin Janairu na kira mahaifiyata a Kano, hunturu ya kankama. Na ji ƙarar tsintsiya a bayanta. Da na ba ta labarin abin da nake ciki, ta yi dariya ta ce, "Kai Injiniya, mu dai tun muna yara abin da aka koya mana, ka yayyafa ruwa kafin ka yi shara, kada ƙurar ta tashi ta koma inda ta fito." Na yi shiru, domin a jimla ɗaya ta faɗi abin da filta da toshewar jiki ke ƙoƙarin yi. Tayar da ƙura abu ne mai sauƙi, hana ta komawa shi ne aikin.

Na'urar tsaye 'yar gidajen kafet ce, shi ya sa ta yi ƙarfi a Amurka da Birtaniya. A gidan tayil ko siminti ba ta da wani fifiko a kan tsintsiya da tsumma, ƙurar hunturu kuma saboda laushinta tana saurin toshe filta. Mai sayen ta gwanjo ya duba bayanta: wadda aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, wutarmu kuwa 230, idan aka jona ta kai tsaye injin zai ƙone.

Amfanin da ya fi wannan girma ga mutanenmu yana cikin takardun kansu. Fatent yana aiki ne a ƙasar da aka yi rajistarsa kaɗai, kuma yana mutuwa bayan shekara 20. Nijeriya tana da dokarta ta 1970, Nijar kuma tana bi ta ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Duk abin da wa'adinsa ya cika, ko ba a taɓa rajistarsa a ƙasarka ba, littafi ne buɗaɗɗe da zanensa da bayaninsa. Takardun guguwar Dyson na farko sun daɗe da mutuwa, shi ya sa yau kamfanoni da yawa ke yin na'ura marar jaka. Mai injin casar shinkafa ko mai yankan katako da ƙura ta dame shi, da ɗalibin da ke neman aikin kammala digiri, suna da taska a nan wadda ba a biyan ko kwabo a shiga.

Yuni

Afrilu ya zo ya wuce. Tsohuwar na'urar ta sake cinye bel biyu, kuma idan rana ta shigo ta taga ina ganin ƙura tana fita ta gefenta kamar hayaƙin turare. A watan Yuni, lokacin da garin furen ciyawa ke cika iska a ƙasar nan, yarinyar ta tashi cikin dare numfashinta yana fito, abin shaƙarta bai wadatar ba. Muka kwana a asibiti. Likitar da ta gan ta ta ɗora laifin a kan mura da furen ciyawa, ba ta ambaci kafet ba, ni ma ba zan ce na'urar ce ta jawo ba. Amma a kan kujerar nan ta roba, da ƙarfe uku na dare, na san cewa cikin abubuwan da ke tayar mata da ciwo, guda ɗaya ne tak yake hannuna, kuma wata bakwai ina zaman jiran gawon shanu a kansa.

Da muka dawo gida uwargida ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye mini shayi ta ce, "Abban yara, takarda ba ta shara." Ranar Asabar na je kanti. Na sayi na'urar tsaye mai waya, mai jaka, mai jiki a toshe da filtar HEPA, ƙirar da ba ta sauya sosai ba shekara da shekaru. Na zaɓi mai jaka domin zubar da gangar marar jaka yana tayar da ƙurar a fuskar mai zubarwa. Ta fi tsohuwar nauyi kaɗan. Kuɗinta bai kai abin da muka tara ba.

Ban daina leƙa takardun ba, hali zanen dutse. Ta batirin an janye ta. Ta mashacin gashi an amince da ita, bayan an datse da'awarta. Idan aka tambaye ni hasashena yanzu, zan ce haƙoran nan za su bayyana wata rana a ƙarƙashin wata na'ura mai kama da ta yau, ba tare da shela ba, sauran kuma su zauna a rumbu. Ina iya yin kuskure, kamar waɗanda suka yi wa abin kunnen nan dariya. Bambancin shi ne yanzu kuskuren ba ya cin kowa komai.

Kafin ranar ta zo, duk Asabar ta farkon wata nakan kifar da na'urar a tsakar falo in ɗauko almakashi in yanke gashin da ya naɗe buroshi. Yarinyar takan zauna a matattakala ta uku, inda muka ce ta riƙa tsayawa, tana nuna mini wanda nata ne da wanda na yayarta ne.